Kallabi Goma Sha Ɗaya a Gonar Gwaji

'Yata ta ce a wurin aikinsu yanzu inji ke karanta ƙwayoyin halittar iri, ya nuna alamar wanda zai jure fari. Na yi dariya, don ni da kallabi na yi wannan aikin.

Ina malamin gona a Dandin Mahe, zamanin farar hula, aka ba ni irin furen nan mai kallon rana in zaɓo mai jure ƙishi. Ofis kan aiko 'yan jakunkuna masu lamba, a rufe kan furen saboda tsuntsu, a kuma san wane ne wane. Da tsuke bakin aljihu ya zo, jaka ta ɗauke. An ce wanda bai kawo sakamako ba a bana zai koma gida.

Sai na faɗa wa akwatin matata. Kallabi goma sha ɗaya na kwashe, kowane launi da layinsa. Masu wucewa kan tsaya su gaida gonar, wai matan Malam sun fito shan iska.

Ran nan na dawo daga Bodinga na tarar da furanni tsirara. Ana suna a Mandera, matata da ƙannenta sun kwashe kallabin duka sun ɗaura. Da yamma ta mayar, amma kowanne inda hannunta ya kai. Aikin shekara uku ya cakuɗe. Na zauna a kan kunyar gona, wallahi har hawaye.

"Malam, mi ya yi zahi?" in ji ta.

Na ce yanzu ban san mai jure farin ba.

"Masu jan wuyan ga? Ai su ɗai ba su langaɓewa da rana tsaka. Kullum in na kawo ma tuwo ina ganin su."

Na duƙa na duba. Ƙasan kan furen, karan wasu ja ne, na wasu kore. Ni mai takardar shaida shekara uku ina kallon littafi, ban taɓa leƙa wuyan ba.

Masu jan wuyan na tara, na rubuta rahoto, aikina ya tsira, har da yabo a gaban jama'a. Ta tambaye ni ko an sa sunanta. Na ce takardar ba ta da gurbi. Ƙarya na yi, akwai layi biyu a ƙasan takardar da ba a cike ba, kuma har yau ina jin kunyarsu.