Ƙofar da na buɗe a gaban surukai

Edita, a shekarun da kuɗin man fetur ya fara kwarara a ƙasar nan, ni matashi ne direban tifa a wani kamfanin gina hanya, da mata ɗaya da 'ya'ya biyu, kaina kuwa sai hayaƙi yake. Duk sanda aiki ya kai ni Kaduna nakan leƙa wani wurin shaƙatawa, in ga magidanci da matarsa kan benci guda suna shan lemo, yaransu na lilo. Na rantse sai na kai irinsa garinmu Sheme kafin wani ya riga ni.

Na zaga Ƙanƙara da Faskari neman fili, na je har Sabuwa, lalacewar hanya ta koro ni. Ashe abin da nake nema yana gida: fili a bakin titi, daura da durumin da dattawan gari ke zama tun hantsi har magariba. Na ce ai inda jama'a take nan ciniki yake. Mai filin ya ce ba ya sayarwa, sai dai musaya da fadamar da na gada, wadda daga ita muke cin shinkafa da rake. Mahaifiyata ta ce in bari a yi shawara, na ce mata zamani ya wuce shawara. Na ba shi.

Wayyo daɗi! Ban taɓa jin farin ciki irin na watannin nan ba. Na kewaye filin da langa-langa, na sa mai walda ya ƙera lilo da wani keken juyi mai kujeru, na sayo janareto da firij da majigi. Bencina dogaye na sa aka yi, kowane iyali da nasu, yadda na gani a birni. Ƙofar kuwa na shafe ta da koren fenti, na fuskantar da ita ga durumin nan don kowa ya gani. Ko abinci nake ci zancen ke nan, har abokaina suka laƙaba mini Manaja, ni kuma ina amsawa da ƙarfi.

Ranar Sallah muka buɗe. Janareto na ruri, majigi a shirye, samari sun cika bakin titi. Sai ga ayarin matan aure da yaransu cikin kwalliya, na fito bakin ƙofa da murna don in tarbe su. Suna hango durumi suka ja mayafi, suka durƙusa suka gaida dattawa, suka yi gaba abinsu. Wace mace za ta shiga gidan wasa surukinta na kallo? Magidantan ma suka noƙe, don babu mai zama benci ɗaya da matarsa da ɗan farinsa a idon ubansa. Da aka ga samari kaɗai ke shiga, sai aka hana yara ma. Na nemi juya ƙofar, amma baya kududdufi ne, gefe biyu kuma gonakin mutane, masu su suka ce ba za a tattake musu shuka ba. Kafin wata Sallar na rufe.

Abin da ya fi ci mini rai, matata ma ba ta taɓa taka wurin ba, don ƙanin mahaifina a gindin durumin yake wuni. Daga baya ta ce tun ranar da na kafa turaku ta san haka za a yi, amma ban tambaye ta ba.

'Yan'uwa masu shirin kafa irin wannan harka, kada yawan jama'a ya ruɗe ku kamar yadda ya ruɗe ni. Kafin ku haƙa tushe, ku tambayi waɗanda za su shiga ƙofar, ku fara da na cikin gidanku. Mahaifiyata har ta rasu shinkafar kasuwa take ci, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.