Ranar da Baba Ya Zauna Cikin Masu Busa

Shekaru sun ja, amma in dai ina da rai ba zan manta da ranar da ƙanena ya kai mahaifinmu wurin aikinsa a Dubai ba.

Lokacin ina zaune a Al Qusais da maigidana, yana harkar kago, yana tura wa 'yan kasuwar Kano kaya. Ƙanen nawa, wanda shi ne autanmu, yana Turai. Tun yana ƙarami yake bin Baba barikin 'yan sanda, domin Baba ɗan badujala ne, ƙaho ya busa har ya yi ritaya. A nan yaron ya koyi karanta rubutun kiɗa, daga baya ya samu gurbin karatu a waje. Ya fara da buga fiyano ga mawaƙa, ya zama mataimaki, har aka soma ba shi jagorancin makaɗa shi kaɗai. Da labari ya iso gida cewa ya zama kwandasta, gwaggonmu ta yi ta jimami, wai duk karatun nan a motar haya ya ƙare. Mun sha wuya kafin ta gane cewa shi ne mai tsayawa da 'yar sanda a gaban makaɗa masu yawa, su bi hannunsa.

Baba bai taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Kafin ƙanena ya kai ga haka, kunnuwan Baba sun mutu. Na kawo shi Dubai ganin likita, aka gwada na'urori iri-iri, a ƙarshe likitan ya ce mu yi haƙuri. Baba ya dubi bakinsa, ya fahimta, ya ce, "Magana ta ƙare, khalas ke nan, kamar yadda kuke cewa a nan." Ya yi dariya, amma daga ranar ya rage magana.

Ana cikin haka aka gayyaci ƙanena ya jagoranci ofera a garin, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe. Wannan ce gayyata mafi girma da ya taɓa samu. Ya sauka, ya wuce gidanmu da tikiti a hannu, ya durƙusa gaban Baba yana magana a hankali don ya karanta leɓɓansa.

Baba ya juya tikitin, ya mayar masa. "Auta, me kurma zai je yi wurin kiɗa? In zauna ina kallon ƙeyarka, mutane su tafa in tafa? Ba wa mai kunne."

Na bi ƙanena har bakin lif. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, duk inda na tsaya a duniya, shi nake tunanin yana zaune a baya."

Washegari da hantsi sai ga shi ya dawo. Ya ce wa Baba ba kallo za shi ba, rakiya zai yi masa zauren da suke gwajin wasan. Baba ya yi gunaguni, amma ya sa babbar rigarsa. Ni na tuƙa mu.

Zauren babu kowa sai ma'aikata. Na nufi kujerun 'yan kallo, sai ƙanena ya riƙe hannun Baba ya sauka da shi wani rami a gaban dandamali, inda makaɗa suke zama. Ashe ya riga ya roƙe su. An ajiye kujera a layin masu busa ƙaho. Wani dattijon Bature mai busa ƙaho ya matsa, ya karkato da takardar kiɗansa yadda Baba zai gani. Ni na leƙo daga sama.

Sai a ranar na lura cewa 'yan kallo bayan jagora kawai suke gani. Fuskarsa ta makaɗa ce. Ƙanena ya ɗaga sanda, ya ja numfashi, duk suka ja tare da shi. Masu goge suka fara, wata mace a kan dandamali ta ɗauki waƙa. Da farko Baba ya zauna a sandare, hannuwansa cikin riga. Can sai na ga ƙafarsa tana taɓa ƙasa daidai da saukar sandar. Idonsa na kan takarda, na kan ɗansa. Da lokacin masu ƙaho ya gabato, ƙanena ya juyo gare su, ya ɗaga gira. Baba ya miƙe baya, ya cika ƙirji da iska, yatsunsa uku suka danna gwiwarsa a daidai lokacin da ƙahonin suka tashi. Baturen ya dube shi, ya gyaɗa kai, bai daina busa ba.

Na zauna na rufe fuska da mayafi.

Da aka tashi hutu, ƙanena ya zo ya tsuguna a gabansa. Baba ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Ka iya jiran mutane su yi numfashi. Na yi aiki da manya da yawa da ba su iya ba." Ya dafa kansa. "Allah Ya yi maka albarka." Makaɗan ba su ji Hausa ba, amma suka shiga bubbuga ƙafa a ƙasa, wanda na ji daga baya cewa shi ne tafinsu.

Ranar wasan Baba bai je ba. Ya ce ya riga ya gani daga wurin da ya fi. Mu muka je, aka yi ta tafi, kuma bayan nan gayyata ta riƙa zuwar wa ƙanena daga ƙasashe. Baba ya koma Kano yana ba abokansa labari a ƙofar gida, har Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in kana son wani ya shiga farin cikinka, gayyata kaɗai ba ta isa ba. Sai ka duba abin da ya rage masa, ka nema masa wurin zaman da zai iya kaiwa gare ka.