Yaron da Muka Ɗauka Yana Kumasi

Maƙwabciyata ta saman bene ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. 'Yar zangon Kumasi ce, ni kuma Bakanuwa, amma a wannan fannin ta fi ni riƙo da al'adar iyaye. In za ta aike shi sai ta ce, "Kai, wancan." In aka yabe shi a gabanta sai ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran ɗankwali. Na sha tsokanarta cewa mu masu alkunyar ɗan fari mun fara ajiye ta a Kano, ita kuma ta ɗauro ta cikin akwati har Stapleton, unguwar da muke zaune a nan ƙasar Turawa. Sai ta yi dariya ta ce haka ta ga uwarta tana yi.

Shekarar da abin ya faru yaron yana da shekara sha shida. Dogo ne, siriri, kullum da abin sauraron kiɗa a kunne. In mun haɗu a matakala zai ɗan rusuna ya ce, "Anti, ina kwana," da Hausa mai kyau, amma da na ƙara tambaya ɗaya sai amsa ta fito da Turanci. Shi yake ɗaukar mini buhun shinkafa daga shago zuwa ƙofata. Saukowarsa daga bene kuwa, sai ka rantse mutum uku ne.

Tsakaninsa da ubansa ne ba a jituwa. Uban direban tasi ne, mutumin kirki amma mai zafin rai. Rigimarsu ba ta wuce ta gashin da yaron ya tara ba, da ƙwallon kwando da ke hana shi zuwa Islamiyya ranar Asabar. Silin gidanmu ba ya rufa wa kowa asiri, don haka na sha jin uban yana cewa, "Wallahi Kumasi zan kai ka! Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi!"

Wannan ba barazanar banza ba ce a wurinmu. In yaro ya fara rawar kai, sai a jira dogon hutu, a ce masa za a je gaida kaka. Ana sauka a karɓe fasfo, a bar shi can ya yi hankali. Ba a gaya wa kowa kafin a tafi, kada magana ta koma kunnen yaron. Bayan an tafi kuma ba a tambaya, don tambayar kamar tona asirin gida ce.

To, dogon hutu ya zo, sai matakala ta yi shiru. Mai shagon kayan Afirka ya kaɗa kai ya ce an yi maganinsa. Mata a masallaci suka yi ta raɗa cewa gara haka. Ni ma haka na ɗauka, har na yi masa addu'ar Allah ya sa kakar tasa mai sauƙin hali ce. Uwar kuwa ba ta nan. Aikin kula da wata tsohuwa take yi a Brooklyn, irin wanda ake kwana can, kuma a lokacin abokiyar canjinta ba ta da lafiya, sai ta jera makonni ba ta leƙo gida ba.

A wurin suna muka haɗu, wata Asabar da rana. Daga wurin aiki ta wuto kai tsaye, rigar aikin ma tana ƙarƙashin mayafinta. An zuba mana shinkafa da wake, ana ta hayaniya. Kowa a unguwar ya san bakina ba shi da linzami. Na matsa kusa da ita, na rage murya, na ce, "Ƙawata, sannu da ƙoƙari. Ya dai sauka lafiya?"

Ta ce, "Wa?"

Na ce, "Wancan naki mana."

Ta ajiye cokali. "Sauka ina?"

Na ce Kumasi, amma ban ji muryata ba. Matan da ke kusa da mu duk suka daina tauna. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ga kowace fuska ta san wani abu game da ɗanta wanda ita ba ta sani ba.

A gabanmu ta kira mijinta, yana kan hanya da fasinja. Ina jin muryarsa ta wayar. Ya ce wane Kumasi, fasfon yaron yana cikin durowarsa. Sun yi faɗa ne, yaron ya saɓa jaka ya fita, kuma ya san wurin kawunsa na Flatbush ya tafi, don ya taɓa yin haka. Ya ce ya rantse ba zai neme shi ba, in ya gama fushin zai dawo da ƙafarsa.

Ta ce, "Alhaji, kullum ina kira ina cewa ya yara."

Ya ce, "Ai ba ki tambaye ni shi ba."

Aka kira kawun. Ya ce rabonsa da yaron tun ƙaramar Sallah. Aka jawo ƙanwar yaron daga cikin yara masu wasa, uwar ta riƙe kafaɗunta tana tambaya da Hausa. Yarinyar ta fashe da kuka ta ce, "I thought Daddy sent him." Ita ma ta ji barazanar, ita ma ta san ba a tambaya.

Gida cike da mutane, unguwa cike da 'yan uwa, a ce yaro mai tsawon ƙofa ya ɓace makonni babu wanda ya buɗe baki. Mu da in mace ta sake ɗinki sai an tattauna shi a masallaci! Na yi fushi da uban, na yi fushi da mai shago, na yi fushi da wannan kunya tamu da muke taƙama da ita. Da ɗan Bature ne, kafin magariba hotonsa ya cika waya.

'Yan sanda sun zo, sun yi tambayoyinsu. Tambaya ta farko ce ta kashe mana jiki: yaushe aka yi masa ganin ƙarshe? Uban ya ce ko Talata ko Laraba. Wayar yaron a kashe take. Kyamarar shagunan layinmu ta riga ta goge hotunan wancan lokacin. Mutum ɗaya ce ta ba da wani abin kamawa, wata 'yar Nijar da ke aiki a wani ofis a Manhattan, wadda take tsallaka ruwa kullum da safe. Ta ce ta gan shi cikin feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da su, tsaye ta baya wajen ƙarfen jingina, da jaka a kafaɗa. "Wallahi na ɗauka voyage ɗin ne," in ji ta, "wato tafiyar Kumasin, na ce babansa yana nan kusa. Sai na kau da kai, kada ya ji kunya."

Daga nan sai hasashe, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Wasu suka ce ruwa ya faɗa, tunda a bakin ƙarfe aka gan shi. Ni ban yarda ba. Ferin safe maƙil yake da mutane, kuma mai niyyar mutuwa ba ya ɗaukar takalmin ƙwallonsa, alhali an duba ɗakinsa ba a ga takalmin ba. Wasu suka ce Ohio ya bi abokai, can ma akwai 'yan Gana da yawa. An aika hotonsa, an zaga masallatai, shiru. Akwai ma masu cewa uban ya kai shi Kumasin yana ɓoyewa, amma duk wanda ya ga yadda mutumin nan ya rame, wandonsa na zamewa, ya san ba haka ba ne.

Ni abin da nake zato shi ne yaron ya ga hutu ya zo, ya ɗauka lokacin tafiyar ya yi, sai ya gudu. Ina jin niyyarsa ya ɓuya kwana biyu a neme shi, a lallashe shi. Wataƙila ya yi ta kunna wayar yana dubawa, bai ga kiran kowa ba. Abin da ya same shi bayan nan, ko hannun wa ya faɗa, Allah kaɗai ya sani. Wannan tunanin na kiran da bai gani ba shi ne yake hana ni cin abinci wani lokacin.

Bayan mako guda muka buga hotonsa muka tafi tashar feri ta St. George muna rabawa. Uwar tana gefena, tana miƙa takarda tana cewa, "Yarona ne, yarona ne." Mutane na karɓa suna wucewa. Sai jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe, jama'a suka ɓarko. Can cikinsu ta hango wani dogon yaro da jaka a kafaɗa, ya ba mu baya. Takardun suka zube daga hannunta.

Ta kira sunansa. Da ƙarfi ta kira shi, har tashar ta amsa. Ta sake kira, ta sake. Shekarunmu tare ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba. Mutane suka waiwayo, har da dogon yaron. Ba shi ba ne.

An kwana biyu yanzu. Ƙanwar ta gama sakandare, uban ya daina ɗaga murya a gidan, kuma har yau babu labari. Duk ranar hutunta uwar tana zuwa tashar, wani lokacin in raka ta. Ta daina cewa wancan. Sunansa take kira a hira, a addu'a, a gaban kowa.

Rannan muna dawowa cikin bas na ce mata, ƙawata, ki ci gaba da kira, wata rana zai ji. Tana kallon taga ta amsa da Hausarsu ta zango.

"Ko ya ji, ba zai san ni ne ba," ta ce. "Bai taɓa jin shi a bakina ba."