Sista Kar-ki-jira Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama goge barandar asibitin unguwarmu, ita ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, kusa da inda ake yi wa jarirai allurar rigakafi. Gado ɗaya ne a ciki mai shimfiɗar leda, sai fitila mai dogon wuya, sai labule mai kauri da ta kawo daga gida saboda wanda aka ba ta yana nuna inuwar mutum. Takan tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi kafin ta taɓa kowa, don a cewarta sanyin hannu kaɗai ya isa ya hana mace mai tsoro dawowa. Daga nan ta fito ta bi layin masu goyo tana gaishe su, wannan ta tambaye ta jikin surukarta, waccan ta tambaye ta ko an yaye yaron. Da gaisuwar take jan su ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

A makon jiya ta ajiye aiki, bayan kusan shekara talatin tana jinya, rabinsu a wannan ɗaki na gwajin sankarar mama da ta bakin mahaifa. Kaɗan ne suka san sunanta na gaskiya. Sista Kar-ki-jira kowa ke ce mata, domin da wannan take rufe kowace hira: in kin ji wani abu a jikinki, kar ki jira.

Lokacin da gwamnati ta fito da shirin gwaji kyauta, an yi ta shela a rediyo, an manna hotuna a bango, aka ba asibitinmu kayan aiki aka ce ita za ta riƙe ɗakin. Mata suka ƙi zuwa. Mai sharar asibitin, wadda aka fara abin a gabanta, ta gaya mini tana dariya cewa Sista takan wuni daga ita sai ƙuda. Wasu sun ce ciwon daji in ka neme shi za ka same shi. Wasu sun ce da wuƙa ta taɓa shi ya bazu ke nan. Wasu kuwa kunya ce kawai. Masu zuwan sai ciwo ya riga ya fashe, har 'yan gida sun fara kauce musu. Irin waɗannan takan wanke musu gyambon da hannunta, ta raka su babban asibiti, kuma da yawansu ba su dawo ba.

Sai ta daina zaman jira. In ta tashi aiki ta bi shagunan kitso, ta tsaya ƙofar makaranta lokacin ɗaukar yara, ta zauna bencin masu kayan miya tana hira kamar ba abin da ya kawo ta.

A nan yayata ta shigo labarin. Tela ce, shagonta na kan hanyar asibitin, ga ta da baki, ba mai wucewa ba ta tsokane shi ba. Wata rana Sista ta kawo mata aiki: a ɗinka mata siffar mama da yadi, a cusa auduga, a ɓoye 'yar tsakuwa a ciki, don mata su riƙa lalubawa su san yadda ƙullutu yake a hannu. Yayata ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun da take ɗinki ba a taɓa kawo mata awon da babu mai shi ba. Sista ta nuna mata yadda ake latsawa da tafin yatsu, ana zagayawa har cikin hammata, don ta san inda za ta sa tsakuwar.

Da yayata ta shiga wanka sai ta gwada a jikinta, da wasa. Ta ji shi a hagu, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake, ba zafi ba komai.

Ba ta gaya wa kowa ba, har ni ƙanenta da ba ta ɓoye mini magana. Ta aika da ɗinkin ta hannun maƙwabciya. In ta hango farin kayan Sista daga nesa sai ta shige bayan labulen gwada kaya. Makonni suka wuce a haka. Sista kuwa ta lura cewa mai tare ta da tsokana kullum ta koma wasan ɓuya. Sai ta ɗauko wani tsohon siket ta ce zik ya lalace, ta zauna a shagon har masu karɓar ɗinki suka watse.

"Yaya tela, kin ji wani abu, ko?"

Yayata ta ci gaba da taka keke. Can ta ce, "In na faɗa ya tabbata."

"Ba faɗa ke kawo shi ba, 'yar'uwa. Yawancin irinsa ma ba komai ba ne. In kuma shi ne, to yanzu ne muke da ƙarfi a kansa. Rufe shagon mu je in gani."

Suka je. Aka tura ta babban asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka kai ɗakin bincike, sakamako ya fito: shi ne. Likita ya ce an kama shi da wuri, amma sai an cire maman. Mijin yayata, direban babbar mota, mutumin kirki ne, sai dai abin ya firgita shi, danginsa kuma suka matsa a fara gwada na sha da na shafawa tukuna. Ina zaton Sista za ta je ta yi masa faɗa. Ba ta yi ba. Ranar da ba ya kan hanya sai ga ta da baƙi biyu, wata malamar makaranta da aka yi wa irin wannan aiki shekarun baya, da mijinta. Matan suka shige ciki, mazan suka zauna a benci a ƙofar gida, ni ina gefe. Mijin malamar ya ce shi ma ya yi ta ja da baya a lokacin, amma yau uwar 'ya'yansa ce ke tashin sa da safe tana masa mitar ya bar takalmi a tsakar ɗaki, kuma bai san abin da ya kai wannan mita daɗin ji ba.  Washegari mijin yayata ne ya kai ta asibiti da kansa.

Jinyar ba ta zo da sauƙi ba. Bayan tiyata aka shiga ƙarin ruwan magani, gashin kanta ya zube, abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Da aka zo kan gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sai na'urar babban asibitin ta tsaya, ita kaɗai ce kuma ga jama'a jingim. Sista ta yi ta bugun waya, daga wannan tsohuwar abokiyar karatu zuwa waccan, har ta samo mata gurbi a wani gari mai nisa. Ba ta ɓoye takaicinta a kan wannan. Takan ce ba daidai ba ne ka kira mace ta zo gwaji, ka gaya mata tana da ciwo, sannan ka ce ta je ta jira a gyara inji.

Yau yayata na shagonta, bakin nan na nan yadda yake. Ta ƙara sana'a ma, tana ɗinka rigar mama mai ciko ga matan da aka yi wa aiki, Sista ce ke turo mata su.

Ke ce, Sista, kika san waɗanda ba za su iya faɗa da baki ba, kika bi su har inda suke. Ke ce mai sanyin murya a ranar da labari ba daɗi. Mai sayar da kati a asibitin ya ce ya sha ganin ki kin fito daga ɗaki ido ja, kin wanke fuska a famfo, kin koma kin kira ta gaba da fara'a. Waɗanda suka zo a makare ma ba ki juya musu baya ba. Kin bi su gida kina canza musu bandeji, da ta Allah ta kasance kuma an gan ki a wurin ta'aziyya kin rungume 'ya'yansu. Ba wanda ya sa ki, ba kuma wanda zai tuhume ki da kin bari.

Ranar sallamarta an jera kujeru a harabar asibitin. Wani babba daga ma'aikatar lafiya ya zo ya yaba mata, ya ce irinta ake nema. Ta yi godiya, ta ce shirin gwajin ya ceci mata da yawa kuma ta gani da idonta. Sannan cikin ladabi ta roƙi a ƙara na'urorin gashi a kusa da jama'a, a sauƙaƙa magani ga marasa ƙarfi, a kai allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata a kowace makaranta. Ya ce zai isar da saƙo. Muna fata ya isa.

Da aka miƙa mata kyaututtuka ta karɓa, amma ta ce akwai wadda ta fi so: duk wanda ke zaune a wurin ya kawo mace ɗaya daga gidansa wajen yarinyar da za ta gaje ta, kafin wata ya ƙare. Tana saukowa ta tsaya a kaina ta ce, "Kai ma ƙanen tela, furfura ta fito. Maza ma da nasu gwajin, kar ka fake da rubutu."

Mun gode, Sista. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi cikin jikokinki. Ku kuma masu aikin lafiya da ke tasowa, ga hanya an nuna muku. Mu sauran jama'a, abin da ta roƙa bai fi ƙarfin kowa ba. Ni dai na kai maiɗakina da ƙanwarta, an duba su lafiya lau, suka zauna a baranda suna jira na, ni ma na shiga nawa layin.