Na Bi Sawun Ɗiyar Fari Har Maraɗi

Katsina, Talata

Ƙarfe shida saura kwata, ana sallame Asuba, na fito daga gidanmu a Ƙofar Kwaya. Ni da ko Kano sau biyu na taɓa zuwa! Ɗiyata ta fari ce ta fiddo ni, wadda ke karatu a Maraɗi. Maƙwabciyarmu Hajiya Lanti ta shigo mana da labari, wai yarinyar ta shiga wata ƙungiyar kare haƙƙin mata da sunan koyon aiki, alhali ba abin da suke yi sai zuga matan aure. Maigidana Malam ya ce in je in gani, in gaskiya ne a ɗauko ta, karatu ya ƙare. Ban gaya wa yarinyar ina tafe ba.

Motar Jibiya ta tashi daga tashar Ƙofar 'Yandaka bakwai da minti goma.

"Hajiya, biki za ki?" in ji direba.

"Zumunci," na ce. Duk surutuna, ranar na ɗinke baki.

Jibiya zuwa Ɗan Isa

Daga Katsina zuwa Jibiya kilomita arba'in ne da 'yan kai, amma shingaye sun ja mu har tara saura. Na karya da ƙosai, na sake mota. A iyaka jandarma ya duba katina ya miƙo mani. Wata mata kusa da ni ta ji na tambayi kwatancen ƙungiyar, sai ta hau yabonsu, wai su suka tsaya wa yayarta kan gonar marayu. Na ce a raina, wannan ma tasu ce.

Maraɗi

Sha ɗaya da kwata mai adaidaita ya sauke ni gaban wani shuɗin ƙyaure. Mai gadi, dattijo, ya ce, "Wa kike nema, Hajiya?"

To ga inda gizo ke saƙar. Ɗiyar fari ce, tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita bakina ba. Na ce, "Wata… yarinya dai."

"Ba komai, nan ba a matsa wa mace ta faɗi suna." Ya ba ni ruwa, ya zaunar da ni layin masu kawo kuka!

Ashe tsarinsu, labule ake ratayawa tsakanin mai magana da mai rubutawa, don mace ta amayar da cikinta ba kunya. Benci na dab da ƙofa, kunnena kuwa ba ya barci. Wadda ta shiga gabana ta ce mijinta ya tafi ci-rani shekara huɗu, ba aike ba saƙo. Ta tambaya, "In fita daga auren ne?"

Sai na ji muryar da na sani tun tana neman nono. Na kasa kunne, yanzu za a yi zugar.

"Yaya, wannan ba ni zan zaɓar maki ba. Zan gaya maki abin da shari'a ta ba ki, in kina so mu nemi danginshi da liman tukuna. Me ke ranki?"

Da layi ya zo kaina na shiga, na sauya murya. "Ɗiyata ce ake cewa ta lalace a garin mutane."

Biro ya daina motsi.

"Inna," ta ce a hankali, "ita uwar ta yarda?"

"Da ta yarda, da ƙanen uban aka aiko."

Ba ta ɗaga labulen ba, ni ma ban taɓa shi ba. Na tambaye ta wa ke ba su umarni, da wa take yawo, tana zuwa aji kuwa? Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ban tambaya ba. Rabin sa'a muka yi. Tun da take, ban taɓa hira da ita haka ba.

A ɗakinta na kwana. Ta dafa shinkafa da wake, muka ci kowa na kallon bango. Da ta fita alwala na ɗan buɗe akwati, ba zan ɓoye ba. Littattafai ne da yajin da na daka mata.

Gida, Laraba

Ana kiran La'asar na shigo Ƙofar Kwaya. Malam ya ce, "To, me kika gani?"

"Ban gani ba, ji na yi. A bar ta ta ƙare karatunta."

Ya ce, "Shi ke nan."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, Allah ya saka wa mai gadin nan da bai matsa mani ba. Akwai wani tsohon zane da na ware, in ta zo hutu zan rataya shi tsakiyar ɗaki.