Tayoyin Motar Orest Mai Ɗaukar Gawa

Ni da maigidana Merv muna da shagon taya a bakin garinmu, can arewacin lardin Saskatchewan, daidai inda kwalta ta ƙare tsakuwa ta kama. Shi ke ɗaura taya da faci, ni kuma ina gaban kanta ina karɓar kuɗi. A wannan shagon na san Orest Hnatiuk sosai, duk da cewa tun ina yarinya nake ganinsa a coci, dogo mai ranƙwafaffen wuya, kullum hularsa a hannu.

Asalinsa manomi ne. Alkama yake yi da 'yan shanu a gonar da kakansa ya sare daji ya kafa. Da fari ya jera shekaru, sai ya sayar wa maƙwabcinsa, ya dawo cikin gari da matarsa Verna. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya haura hamsin a lokacin, babu mai son ɗaukarsa aiki, sai gidan shirya gawa na garin suka ce suna neman direba mai motar kansa. Ya sayi doguwar mota mai rufaffen baya, mai jan ƙafa huɗu, ya cire kujerun baya, ya fara.

Duk wanda ya mutu a gida, ko a daji, ko a gefen hanya, Orest ake kira. In likitoci na son duba gawar, ya kai ta birnin Saskatoon, tafiyar rabin yini a kwalta, sannan ya dawo da ita wa danginta. Mutane suna girmama shi, amma ba mai son ganin motarsa a ƙofar gidansa. In ya shiga gidan shan kofi, sai wani ya ɗaga murya:

"Orest, yau kuma wa ka zo aunawa?"

"Kai dai ci gaba da loda wa cikinka kitsen nan," in ji Orest, ko murmushi babu. "Na riga na san tsawonka."

Hanyoyinsa iri uku ne, kuma kowacce da tayar da take so. Kwalta tana son mai santsi marar ƙara. Hunturu yana son roba mai laushi da ƙananan tsage masu kama ƙanƙara. Hanyoyin daji kuwa, zuwa bukkokin masu tarko da masunta, sai mai manyan haƙora da ke tona taɓo ta watsar. Orest ba shi da halin ajiye kashi uku, kuma ko yana da shi, ba ya sanin inda za a kira shi gobe. Don haka duk kaka sai ya zo shagonmu, shi da Merv su tsaya gaban jerin tayoyi suna musu kamar masu cinikin bijimi. A ƙarshe kullum masu manyan haƙoran yake ɗauka, in ƙanƙara ta yi tsanani ya ɗaura musu sarƙa.

"A kwalta kuka kawai za su yi mini," yakan ce. "A daji kuwa in na maƙale, mutane na zaune da gawarsu a ɗaki suna jirana."

Kukan nasu ba wasa ba ne. In ya taho daga kudu, tun bai ɓullo ba za ka ji shi, wani gurnani kamar jirgi zai sauka.

Sai aka gano ciwon daji a jikin Verna. Mace ce 'yar gajeruwa mai baki, wadda duk bikin coci ita ke shugabantar masu naɗe perogi, wato curin fulawa mai dankali a ciki, ta yi ta yi wa kowa faɗa kan gishiri. Aka ce sai ta riƙa zuwa Saskatoon karɓar magani a kai a kai. Ba su da wata motar, don haka a gaban motar gawa take zama, wani lokacin ma da fasinja kwance a baya.

"Ba ki jin tsoro, Yaya Verna?" na tambaye ta.

"Tsoron me? Su ba sa gardama. Ni kaɗai ce fasinjarsa mai gaya masa ya rage gudu."

Amma ƙarar tayoyin ta fi ƙarfinta. Maganin ya sa kanta ba ya ɗaukar ko ƙarar cokali a kofi. Takan iso gida tana amai, ta toshe kunnuwa da tawul, hawaye na zuba ba ta ma san tana yi ba.

Tsakiyar hunturu Orest ya shigo shago, dusar ƙanƙara a kafaɗunsa. Tayoyinsa ko rabi ba su ci ba.

"Merv, cire mini waɗannan. Ba ni waɗanda ba sa kuka."

Merv ya mirgino masa wata taya ta tsaka-tsaki, mai matsattsun haƙora, da tambarin dutse da ƙanƙara a gefenta.

"Wannan a kwalta shiru take kamar ɓarawo. A kan ƙanƙara ma ta fi taka nesa ba kusa ba. Tsakuwa ba ta damunta. Amma dattijo, bari in gaya maka tun yanzu, ranar da ƙanƙara ta narke ka shiga taɓo, haƙoran nan cikewa za su yi, ta koma sumul kamar kwalba."

"Na sani."

"To ka bar tsofaffin a nan, in narkewa ta zo mu mayar."

"In narkewa ta zo Verna ta daina zuwa asibiti ne?"

Merv ya ɗauko jak.

Gaskiya tayoyin sun yi musu rana. Verna ta ce karon farko ke nan da ta yi barci a hanya. Akwai ranar da wata barewa ta faɗo musu titi a kan ƙanƙara, Orest ya taka birki motar ta tsaya cak, ya ce da tsofaffin ne da sun kwana a rami. Har tukunyar miyar kabeji Verna ta aiko wa Merv, ta ce a ba mai faci ya ƙara ƙiba.

Narkewa ta zo da wuri a shekarar, da ruwan sama a kai. Verna ta rame ƙwarai, ba ta iya tashi sai an kama ta. Wata safiya aka kira Orest: tsoho Alphonse Morin, mai ɗana tarko, ya rasu a bukkarsa a bakin wani tafki can cikin daji. 'Yarsa Cecile ce ta same shi, ta taka da ƙafa har bakin titi ta nemi mota zuwa gari. Tana tsaye a ƙofar gidan Orest, wandonta jiƙe da laka har gwiwa.

Orest ya biyo ta shagonmu da ita a gaban mota.

"Darlene, don Allah ki zauna mini da Verna. Kafin la'asar na dawo."

Merv ya fito yana goge hannu. "Hanyar tafki? Yau? Shigo da ita mu mayar da tsofaffin, ba zai ɗau lokaci ba."

"Gobe da sassafe zan kai Verna, sai mu sake cirewa? Bar shi. Da safe ƙasa na da sauran tauri, zan shiga in fito kafin ta saki."

Ya ja motar ya tafi, ni kuma na nufi gidansa.

Abin da ya faru a daji, Cecile ce ta ba ni labari daga baya. Shiga ba ta yi wuya ba. Suka naɗe tsohon, suka sa shi a baya. Amma Cecile ta tsaya rufe bukka da kwance karnuka, Orest kuma bai iya ce wa mai makoki ta yi sauri ba. Kafin su juyo rana ta ɗaga, hanya ta zama kunu. A wani kwari motar ta nutse har ciki. Ya sa giya gaba, ya sa baya, tayoyin na ta juyawa a wuri ɗaya, sun cika da laka sun yi sumul. Ya ɗaura sarƙa, ɗaya ta tsinke. Ya sassaro rassa ya cusa, ya haƙa da shebur har tafin hannunsa ya fashe. Waya babu sabis.

"Kawu, mu bar motar mu taka zuwa titi," in ji Cecile.

"Ki bar babanki shi kaɗai a daji? Da kyarkeci a wajen nan?"

"To ni in zauna, kai ka je. Matarka ba ta da lafiya."

"Ba zan bar mace ita kaɗai da gawa a nan ba. Kuma ban taɓa ɗaukar mutum na yar da shi a hanya ba. Miƙo mini wancan reshen."

Ita ma ƙafafunta sun kumbura da tafiyar safe, ba ta iya sake wata. Haka suka kwana a motar, su uku.

Ni kuwa ina gidan. Da azahar Verna ta ce in dafa mata shayi. Na kawo, ta kurɓa, ta ce ya yi ruwa, wai har yau ban iya komai ba. Can sai ta ce, "Darlene, bangon nan motsi yake yi?" Kofin ya faɗi. Jikinta ya shiga karkarwa, idanunta suka juye. Na kira motar asibiti, na kira Orest, wayar ba ta shiga. Na yi ta kira har muka kama hanyar Saskatoon. A hanya ta farfaɗo sau ɗaya, ta dube ni.

"Ina mutumin nan?"

"Yana tafe, Yaya."

"Kullum yana tafe," ta ce, ta rufe ido.

Ba ta sake magana ba. Kafin rana ta faɗi ta cika, hannunta a cikin nawa.

Na kira Merv na gaya masa. Ya so ya shiga dajin a lokacin, amma ruwa ya tafi da wata 'yar gada, sai da gari ya waye ya zagaya ta tsohuwar hanyar masu katako da motar janwe. Ya same su da hantsi. Orest na durƙushe a cikin laka yana haƙa da hannu, shebur ɗin ya karye.

Merv ya ce bai san ta inda zai fara ba, sai kawai ya ɗaura igiya ya fizgo motar zuwa tudu. Orest ya tsaya yana kallonsa yana naɗe igiyar.

"Merv, ba ka zage ni ba."

Merv bai ɗago ba.

"Da lafiya, da tun daga nesa ka fara ce mini na gaya maka. Faɗa mini."

"Jiya da yamma ne. Darlene na tare da ita."

Orest ya zauna a kan matakalar motar. Cecile ta ce bai yi kuka ba, hannuwansa kawai yake kallo. Da aka jima ya miƙe, ya buɗe baya ya gyara wa tsoho Alphonse mayafi, ya ce wa Cecile ta shiga, likita na jiran babanta.

Merv ya roƙe shi ya bari wani ya tuƙa. Ya ƙi. Da lakar a jikinsa ya kai Alphonse Saskatoon, ya sa hannu ya miƙa shi. Sannan ya zagayo ɗaya ƙofar asibitin, inda nake zaune ina jiransa. Ma'aikatan wurin sun san shi shekara da shekaru, babu wanda ya iya haɗa ido da shi. Shi da kansa ya turo gadon, ya sa Verna a bayan motar, ya ɗaure ta da bel a hankali. Na zauna a gaba muka kamo hanyar gida. Mun yi nisa sosai kafin ya buɗe baki.

"Ta tambaye ni?"

Na ce e.

"Me ta ce?"

Na ce ta ce a gaishe shi. Ya gyaɗa kai. Ina jin ya san ba haka Verna ke magana ba, amma bai sake tambaya ba.

Bayan jana'iza ya ci gaba da aikin har ƙarshen bazara, don ba a sami wani ba. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, bai kuma sake tako shagonmu ba. In ya hango Merv a titi sai ya ɗaga hannu ya wuce. Merv kuwa har yau yakan ce da ya sani da ya kwanta a gaban motar ran nan. Kafin dusar ƙanƙara ta farko Orest ya ajiye aikin, ya sayar da gidan, ya koma kudu wurin wata 'yar ƙanwar Verna. Gidan shirya gawa suka ɗauki wani kamfani daga birni, su kuma ba sa sauka daga kwalta. Yanzu mutanen tafki da kansu suke fito da mamatansu bakin titi, a bayan akori-kura ko a kan abin jan kaya, su tsaya jira.

Cikinmu duka Cecile ce kaɗai ke zuwa duba shi. Duk shekara takan kai masa busasshen kifi. Zuwanta na ƙarshe ta tarar ciwon suga ya sa an yanke masa ƙafa ɗaya, yana gidan tsofaffi, a keken guragu a bakin taga. Ta ce ya gane ta, ya ci kifin kaɗan, ya tambaye ta ko an gyara hanyar tafki. Ta ce masa ba a gyara ba.