Ranar da Sodangi ya yi wa albasa tatsuniya

Duk wanda ya san layin 'yan albasa a kasuwar Malanville ya san Sodangi mai ɗinkin buhu. Tun yana saurayi ya ƙetaro gada daga Gaya da basilla ɗaya a aljihu, har yau ita ce dukiyatai, sai baki. Bakin nan kuwa, in ya buɗe shi bayan magariba a ƙofar gida, yaran unguwa har tuwo suke mantawa. Shi ya ƙago Malam Tarwaɗa mai gemu, kihin da ke ƙetare gulbi da kayan sumoga a ciki, ya gaida duwan, wato 'yan kwastan, da Faransanci ya wuce.

Sai ga Na'inna, wata tsohuwa mai tuyar masa, ta taso daga Garou ta kama ɗaki a bayan gidanai. Ita tatsuniyarta rabi Hausa rabi Dendi, da waƙa, kuma kowane yaro sai ta sa sunanai a ciki. Kahin a jima tabarmar Sodangi ta koma wurin kwanan awaki. Ya daure. Amma ran da jikatai Rauda, wadda yake goyo a wuya tun tana jinjira, ta ɗauki kujerarta ta bi bayan gida, sai da ya kasa cin abinci.

"Ke Rauda, me tsohuwar nan ta fi ni?"

"Kaka, kihinka kullum duwan yake cuta. Ita jiya ni ta naɗa sarauniyar dorina."

"Dorina! Ai kuwa kun yi kama."

Sai ya yanke shawara: tunda dare na Na'inna ne, shi zai kama yaran da rana, suna tasowa daga lakwal, makarantar boko. 'Yan layin albasa sunka yi ca a kainai. Kowa ya san mai tatsuniya da rana ɓacewa yake.

"Camfin mata ne," in ji Sodangi. "Ni da na san garin nan kamar bakin buhu?"

Don yaran su hange shi daga titi, ya hau can ƙololuwar wata babbar mota da anka gama loda wa albasa. Yara sunka taru a ƙasa, har da Rauda. Daɗi ya kama shi. To, Sodangi yana da hali guda: in labari ya yi zahi, rufe ido yake. Ya rufe kuwa. Direba Habibou, da bai san yana da fasinja a sama ba, ya gama shan shayi ya tada mota.

Da ya ji buhuna na girgiza, cewa ya yi yara ne ke buga ƙafa don murna, ya ƙara murya. Da iska ta ɗauke hulatai, ya sa a cikin labarin cewa guguwa ta taso. Bai buɗe ido ba sai da wani jandarma a Guéné ya tsai da motar ya ɗaga kai.

"Baba, da wa kake magana?"

Ya duba dama, albasa. Ya duba hagu, albasa.

Bayan magariba ɗan kabu-kabu ya sauke shi, kai ba hula, yana wari kamar miyar biki. Ƙofar gida ba kowa. Daga bayan gida kuwa yana jin Na'inna tana cewa, "Sai iska ta ɗauki Sodangi, kura ta tare shi a Guéné, ya fashe da kuka yana kiran Rauda."

Ya faɗa tsakiyarsu. "Ƙarya take! Wace kura? Jandarma ne, tsawonai ya kai falwayar wuta, kuma shi ya yi kuka da ya ji ƙarshen labarina!"

Yara duka sunka juyo. Rauda ta ja kujerarta ta manne da gwiwatai. "Kaka, sai me ya faru?"

"Zauna mana, Malam Ɓatacce," in ji Na'inna, ta tura mai masa a faranti. "In ka gaji da ƙaryar, ni zan ɗora."

Tun ranar, a bakin tabarmar Na'inna yake zama, wai gyara mata kuskure ya zo yi. Yana cin masarta yana cewa ba gishiri. In ta sa waƙa, idonai na kan Rauda, ya ga ko ta tafa. Idon kuwa bai ƙara rufe shi ba, ko labari ya kai ina.